Darasi: Neman Sayen Gidan Dattijon Maƙwabci Ba Tare da Ɓata Zumunci Ba

Gabatarwa

'Yan'uwa, a garuruwanmu irin su Jos, Kaduna, Kano, Gombe da Yola, fili a cikin gari ya yi wuya, kuɗin haya kuma kullum hawa yake yi. Iyali suna ƙaruwa, ɗakuna ba sa ƙaruwa. A jikin katangarmu kuwa, sau da yawa akwai gida mai fili, dattijo da matarsa kaɗai ke ciki, ko kuma gwauruwa ita kaɗai. 'Ya'ya sun tafi Abuja ko Legas neman abinci. Ba abin mamaki ba ne mutum ya ce a ransa, "Da ma wata rana in sayi gidan nan."

Wannan tunani ba laifi ba ne. Amma yadda aka bi da shi yana iya kawo alheri ga gida biyu, yana kuma iya kashe maƙwabtaka ta shekara talatin a yini ɗaya. A wajen ziyarar tsofaffi da gwauraye, mukan ji kukan waɗanda aka karɓe wa gida da daɗin baki. Mukan kuma ji kukan masu saye da suka biya kuɗi, daga baya magada suka kore su. Manufar wannan darasi ita ce mu koyi yadda za mu ɗauko maganar cikin ladabi, mu san irin yarjejeniyar da za a iya ƙullawa, mu kuma san abin da doka take bukata, domin kada kowa ya cutu.

1. Abin da gida yake nufi ga tsoho

Mai saye yana ƙirga ɗakuna da faɗin fili. Mai gida yana ganin wani abu dabam. A gidan nan aka yanke cibiyar 'ya'yansa, a nan aka yi zaman makokin abokin zamansa, bishiyar mangwaron da ke tsakar gida kuma da hannunsa ya dasa ta. Ga tsofaffi da yawa da ba su da fansho, gidan shi ne dukiyarsu duka. Ɗaki biyu da suka zuba 'yan haya su ne kuɗin abinci da na magani.

Saboda haka, idan muka ce wa dattijo muna son gidansa "nan gaba", abin da kunnensa zai iya ji shi ne muna jiran mutuwarsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Dole mu yi tunani sosai kafin mu buɗe baki.

2. Mu fara da binciken zuciyarmu

Labarai biyu da muka sani sun nuna mana hanya biyu. A Littafin Sarakuna na Fari sura 21, sarki Ahab ya ga gonar inabin Nabot kusa da fadarsa, ya so ta. Tayin da ya yi bai da aibu: ya ce zai biya kuɗi, ko ya ba da wata gona da ta fi ta. Nabot ya ƙi, domin gadon kakanninsa ce. Laifin Ahab ya fara ne daga nan, da ya kasa karɓar "a'a". Ƙarshen maganar shi ne shaidar zur da jinin marar laifi.

A Littafin Farawa sura 23 kuwa, Ibrahim ya nemi kogon Makfela domin ya binne Saratu. Ya yi maganar a fili, a ƙofar gari, a gaban jama'a. Efron ya yi masa tayin kyauta, bai karɓa ba. Ya auna shekel 400 na azurfa, ya biya cikakken kuɗi a gaban shaidu.

Kafin mu taka ƙofar maƙwabci, mu yi wa kanmu waɗannan tambayoyi:

a. Idan suka ce ba za su sayar ba, za mu ci gaba da gaishe su da taimakonsu kamar da?
b. Muna shirye mu biya abin da baƙo zai biya, ko muna sa ran araha ne saboda ba su san farashi ba?
c. Za mu yarda 'ya'yansu su ji duk abin da muka faɗa?
d. Da iyayenmu ne, za mu so a zo musu ta wannan hanya?

Idan amsar ɗaya daga ciki ta yi mana nauyi, lokacin magana bai yi ba tukuna.

Akwai wani tarko da ya kamata mu ambata. Wani yakan fara kai wa tsohuwa abinci da magani, yana gyara mata rufi, alhali idonsa na kan gidan. Ranar da ya fito da bukatarsa, tsohuwar ta ji nauyin ƙi. Wannan bashi ne aka ɗora mata ba da saninta ba. Taimako ya tsaya a matsayin taimako, ciniki kuma a matsayin ciniki. Duk wanda yake raba kayan agaji ko yake cikin masu ziyarar marasa lafiya, kada ya shiga cinikin gidan wanda yake yi wa hidima ba tare da shugabanninsa sun sani ba.

3. Gidan na wane ne?

Wanda yake kwana a gida ba lallai ne shi kaɗai ke da iko da shi ba. Mu bincika a hankali, ba da bin diddigi irin na gulma ba.

Idan dattijon shi ya sayi fili ya gina, takardu kuma da sunansa, yana da ikon sayarwa. Duk da haka, matarsa tana da bakin magana, domin mazauninta ne, sau da yawa kuma da guminta a ginin.

Idan gidan gado ne da ba a raba ba, lamarin ya bambanta. Kotunan Nijeriya sun daɗe da tsayar da cewa gidan dangi ba ya sayuwa sai da yardar shugaban gidan tare da manyan 'yan gidan. Idan wasu 'yan gida suka sayar ba da shugaban ba, cinikin bai ƙullu ba sam. Idan shugaban ya sayar a madadin dangi ba da yardar manyan ba, suna iya zuwa kotu a rushe cinikin.

Idan maƙwabcinmu Musulmi ne, mu san cewa rabon gado a shari'ar Musulunci yana da ƙa'ida. Matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan ya bar ɗa ko 'ya, ko kuma kashi ɗaya cikin huɗu idan bai bari ba. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Akwai kuma shufa'a: a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, idan mutum ya sayar wa bare rabonsa na gidan da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe rabon. Ke nan wanda ya sayi kason magaji ɗaya a ɓoye, yana iya wayar gari ba shi da komai sai kuɗinsa.

Idan gwauruwa ce a gidan, mu ƙara yin hattara. Wani lokaci dangin miji ne za su zo mana da tayi, suna so su sayar su fitar da ita. Kada mu zama sandar da za a dake ta da ita. A shekarar 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Anekwe da Nweke, ta yi watsi da al'adar da take hana gwauruwa haƙƙinta a gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji. A wannan shekarar kuma, a shari'ar Ukeje, ta ce ba a hana 'ya mace gadon mahaifinta. Saboda haka sa hannun 'ya'ya maza kaɗai bai isa ya kwantar mana da hankali ba.

4. Yadda za mu ɗauko maganar

Lokaci. Kada mu je lokacin ciwo, ko ana cikin makoki, ko ranar da muka ji ana neman kuɗin asibiti. Wanda yake cikin matsi ba ya ciniki, sallamawa kawai yake yi. Mu zaɓi lokacin da suke cikin lafiya da walwala.

Wanda zai je. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A al'adarmu, yaro ba ya tunkarar babba kai tsaye da magana mai nauyi. Ya fi kyau mu nemi wani dattijo da suke ganin girmansa, kamar mai unguwa, ko dattijon ikilisiya, ko limamin unguwa, ya yi mana iso. Idan tsohuwa ce ita kaɗai, a tafi da mace. Kada a fara da dillali. Dillali la'adarsa yake nema, zai kuma so a gama da wuri.

Abin da za a faɗa. Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ana iya cewa:

"Baba, wata 'yar magana ce ta kawo mu, in mun yi kuskure ku yafe mana. Mun ji daɗin zama da ku, fatanmu kuma Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana a gidanku. Ba mu zo don ku tashi ba. Roƙonmu shi ne, in wata rana ku da iyali kuka ga dama ku sayar, ko za ku koma gida wajen yara, a tuna da mu kafin a kai wa bare. Za mu biya abin da kowa zai biya. Ba amsa muke nema yau ba. Ku yi shawara da Mama da yara."

Mu lura da abin da babu a cikin wannan magana. Ba a ambaci mutuwa ba. Ba a kushe gidan ba, ba a ce rufi ya tsufa ko bango ya tsage ba. Ba a kuma faɗi kuɗi ba. Bayan an faɗa sau ɗaya, sai a yi shiru a saurara. Wataƙila sun riga sun yi wa jika alkawari. Wataƙila kuma sun daɗe suna so su koma ƙauye, sun rasa wanda za su amince da shi.

Kada mu taɓa cewa, "Wannan magana ta tsaya tsakaninmu." Mu da kanmu za mu roƙa a sanar da 'ya'ya, har da waɗanda suke nesa da 'ya'ya mata da suke gidan aure.

5. Hanyoyi huɗu na yarjejeniya

Idan suka nuna sha'awa, ga hanyoyin da aka saba bi.

Ta farko: alkawarin a fara tuntuɓarmu. Masu gida ba su ɗaure kansu da sayarwa ba. Sun dai yarda cewa duk ranar da za su sayar, za su fara sanar da mu, su ba mu wa'adi, misali kwana 60, mu biya abin da wani ya taya ko mu janye. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga tsofaffi, ita muka fi ba da shawara a fara da ita.

Ta biyu: sayarwa a wani lokaci da aka ƙayyade. Misali, idan Baba ya gama ginin da yake yi a ƙauye, ko bayan shekara uku. Akan ba da kafin alƙalami. Dole a rubuta abin da zai faru da kuɗin idan ɗaya ya fasa, ko ya rasu kafin lokacin.

Ta uku: a saya yanzu, su ci gaba da zama har ƙarshen ransu. Tsofaffin suna samun kuɗin biyan bukata, ba su kuma bar gidansu ba. A nan dole a rubuta cewa haƙƙin zaman ya shafi miji da mata duka biyu, domin kada a kori ɗaya bayan rasuwar ɗaya. A rubuta wanda zai yi gyara, wanda zai biya kuɗin ƙasa da na wuta, da wanda zai karɓi kuɗin haya.

Wannan hanya tana da haɗari ga zuciyar mai saye. A ƙasar Faransa akwai irin wannan ciniki, inda ake biyan tsoho kuɗi duk wata har ya rasu. A shekarar 1965, a garin Arles, wani ma'aikacin shari'a mai suna André-François Raffray, yana da shekara 47, ya ƙulla irinsa da wata tsohuwa mai shekara 90, Jeanne Calment. Ya yarda zai riƙa ba ta faran 2,500 duk wata. Ya yi shekara 30 yana biya, ya rasu a 1995 bai taɓa kwana a gidan ba, matarsa ta ci gaba da biya. Tsohuwar ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Ran kowa a hannun Allah yake. Duk wanda ya san ba zai iya yi wa maƙwabcinsa addu'ar tsawon rai da zuciya ɗaya ba bayan ya biya kuɗi, kada ya bi wannan hanya. Idan masu gidan Musulmi ne, a bar su su tambayi malaminsu, domin ciniki da aka rataya a kan lokacin da ba a sani ba yana da magana a shari'a.

Ta huɗu: a sayi wani sashe. Wani lokaci abin da muke bukata shi ne filin baya ko ɗaki biyu. A kira safiyo ya auna ya yanke, a sa duwatsun iyaka, a nemi izinin raba filin daga hukuma.

6. Maganar farashi

Kada a tsayar da farashi yau a kan gidan da za a karɓa bayan shekaru, sai an yi tanadin tashin kaya. Mun ga abin da ya faru da naira. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ɗauki misali: dattijon da ya yarda da naira miliyan 10 a farkon 2023, a biya shi bayan shekara biyu, ya yi ciniki a kan abin da ya kai dala 21,700, amma abin da zai shiga hannunsa bai kai dala 7,000 ba. Kuɗin da zai gina masa gida a ƙauye ya koma kuɗin harsashi.

Hanyar adalci ita ce a rubuta cewa za a yi wa gidan kuɗi a lokacin sayarwa. Kowane ɓangare ya kawo masanin ƙimar gidaje mai rajista, a ɗauki tsakiyar abin da suka faɗa. A biya ta banki, cikin asusun mai gidan kansa, ba na ɗa ko na dillali ba, a kuma karɓi rasit.

7. Abin da doka take bukata

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Abin da mutum yake da shi shi ne haƙƙin zama da amfani, takardar shaidar mallaka kuma yawanci ta shekara 99 ce. Sashe na 22 na dokar ya ce mai irin wannan haƙƙi ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 21 ya ce filin karkara da ake riƙe da shi bisa al'ada yana bukatar amincewar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar banza ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Sa hannun mai unguwa da na shaidu yana da amfani ƙwarai, amma bai maye gurbin amincewar hukuma ba.

Ga matakan da za a bi:

1. A je ofishin rajistar filaye na jiha a yi bincike. A Kaduna akwai KADGIS, a Kano KANGIS, a Filato PLAGIS, a Abuja AGIS. A nan za a ga sunan da ke kan takarda, da ko an jinginar da gidan a banki.
2. A rubuta komai. Alkawarin baka yana mutuwa tare da mai shi, magada kuma za su ce ba su sani ba.
3. Tsofaffin su sami lauyansu dabam, wanda su ko 'ya'yansu suka zaɓa. Lauya ɗaya ba ya tsaya wa mai saye da mai sayarwa daidai wa daida.
4. Idan ba su iya karatu ba, a karanta musu a fassara da harshen da suke ji kafin su dangwala yatsa. Dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba ta bukaci wanda ya rubuta takardar ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaida cewa an karanta musu sun kuma gane.
5. Shaidu su fito daga ɓangarorin biyu, kowa kuma ya riƙe kwafinsa. Annabi Irmiya, a sura 32 ta littafinsa, da ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17, ya sa hannu a gaban shaidu, ya yi takarda biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe, ya sa aka ajiye su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Mu ma mu ajiye namu inda ruwa da gara ba za su kai ba.
6. Idan mai gida ya riga ya rasu, kada a biya kowa sai an ga takardar kotu da ta ba shi ikon kula da dukiyar mamacin, ko takardar rabon gado.

8. Alamun da za su sa mu dakata

Mu janye hannu idan dattijon ya fara mantuwa mai yawa, ko gigin tsufa ya kama shi, har yana faɗin abu yau gobe ya musa. Sa hannun wanda bai san abin da yake yi ba, kotu tana iya rushe shi, kuma zalunci ne ko da ba a je kotu ba. Mu dakata idan ɗa ɗaya ne yake ta gaggawa, yana hana mu ganin sauran. Mu dakata idan miji ya yarda mata tana kuka. Mu dakata idan ba a san inda za su koma ba bayan an sayar. Kafin a biya ko sisi, mu tambaya, "Mama, in kun bar nan, ina za ku zauna, wa kuma zai kula da ku?"

9. Idan suka ce a'a

Mu yi godiya, mu ce, "Ba komai Baba, Allah ya bar zumunci." Kada mu sake tayar da maganar, sai in su suka ɗauko ta. Kada mu aika wasu su riƙa yi musu naci. Washegari mu je gaisuwa kamar kullum, yaranmu su ci gaba da ɗebo musu ruwa. Dattijo yana lura. Yadda muka yi bayan an hana mu, shi zai nuna masa ko gaisuwar shekarun baya ta gaskiya ce. Gidaje suna da yawa a gari, amma maƙwabcin da zai buga mana ƙofa da tsakar dare in ya ga hayaƙi, ba a sayensa da kuɗi.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. A unguwarmu, wane ne ya dace ya yi iso a irin wannan magana, kuma me ya sa?
2. Cikin hanyoyi huɗu da muka gani, wacce ta fi kare tsofaffi? Wacce ta fi haɗari ga mai saye?
3. Yaya za mu gane bambanci tsakanin taimako na gaskiya da taimakon neman gida?
4. Idan dangin miji suka kawo mana tayin gidan da gwauruwa take ciki, me za mu ce musu?

Aikin wannan wata

Kowace ƙungiya ta ziyarci tsofaffi biyu ko uku a unguwarta. A tambaye su cikin ladabi ko takardun gidansu suna wuri mai kyau, da ko iyalinsu sun san inda suke. Wanda yake bukatar taimakon lauya amma ba shi da hali, a raka shi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Nijeriya da ke babban birnin jiharsa, a tambayi irin taimakon da za a iya samu. A kawo rahoto a taro na gaba.